Maganin Kwalba ga Gasket ɗin da Ya Ƙone

Kalmomi kaɗan ne ke sa gaban mai mota ya faɗi kamar bakanike ya ɗago kai daga cikin bonet ya ce, "Alhaji, gasket ne ya ƙone." Ba kuɗin gasket ɗin ne abin tsoro ba, domin shi falle ne siriri da yaro ma zai ɗauka da hannu ɗaya. Inda yake zaune ne matsalar. Yana can tsakiyar inji, ba a kuwa isa gare shi sai an kwance duk abin da ke samansa: bututun iska da na hayaƙi, bel ko sarƙar taimin, wayoyi da tiyo-tiyo, sannan a ɗaga kan injin ɗungurungum. A ƙaramar mota aikin yakan ci yini guda ko biyu, wani lokaci fiye, ga ladan aiki, ga kuɗin kayan da za a canza, ga mota a ajiye. Direban haya da ke kai wa mai mota balas kullum, duk daren da motar ta kwana a gareji cefanen gidansa ne ya tafi.

A irin wannan hali ne mai shagon kayan gyara zai miƙo wata kwalba da ba ta kai lita guda ba, ya ce a juye ta a lagireto, a bar injin ya yi aiki na ɗan lokaci, shi ke nan an gama. Kwalaben suna da sunaye iri-iri, irin su Bar's Leaks da K-Seal da BlueDevil da Steel Seal da Holts, galibinsu daga Amurka da Ingila. Masu sayarwa kan ce gyara ne na dindindin. Makanikai da yawa kuwa kan ce damfara ce zalla, kada ma a kawo musu ita gareji. Duka ɓangarorin biyu sun zarce. Ruwan yana aiki, amma a kan lalacewa iri ƙalilan, kuma ko a nan ɗin kafa yake toshewa, ba ya taɓa abin da ya buɗe kafar. Wanda ya gane wannan zai iya bambanta ranar da kwalbar za ta fisshe shi da ranar da za ta ƙarasa masa inji.

Abin da gasket ke tsarewa

Injin mota manyan sassa biyu ne da aka ɗaure da dogayen kusoshi. A ƙasa akwai bulok, inda fistin ke hawa da sauka cikin silinda. A sama akwai kan injin, wanda makanikai ke kira tof, inda bawul da fulogi suke. Komai santsin da aka yi wa fuskokin ƙarfen nan biyu, idan aka kifa ɗaya kan ɗaya sai an sami 'yar kafar da ido ba ya gani, shi ya sa ake shimfiɗa gasket a tsakani. Abubuwa uku ne ke ratsa wannan mahaɗa, kowanne da ƙofarsa, kuma ba a son ɗaya ya leƙa ƙofar ɗaya: wutar da ke ci a cikin silinda, ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin mai da ke hawa ya shafe bawul ya sauko.

Ƙarfin waɗannan abubuwa ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne sirrin dukkan maganar yake. Tayar ƙaramar mota, idan mai faci ya auna ta, takan nuna wajen 32 a ma'aunin PSI. Ruwan lagireto bai kai haka ba. Murfinsa kan riƙe tsakanin 13 zuwa 16 ne, idan ya wuce sai ya saki. Amma a cikin silinda, lokacin da fetur ya kama da wuta kuma mota tana jan kaya, matsin yakan haura 700, a injin dizal na zamani ma ya haura 2,000, zafin wutar kuwa ya wuce digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos. Tsakanin wannan wuta da ruwan da ke zagayawa a kan digiri 90, wani wurin tazarar 'yan milimita ce kawai, kuma gasket ne ke tsaye a kanta, sau dubbai a kowane minti. A da ana yin sa da asbestos ko wani haɗi mai laushi, a zagaye bakin kowace silinda da zoben ƙarfe. Yawancin motocin yanzu suna amfani da faifan ƙarfe marar tsatsa ne, falle biyu zuwa biyar a jere, an shafe su da roba siririya.

Gasket ba ya cika mutuwa don kansa. Mafi yawan lokuta zafi ne ya fara yi wa inji yawa. Tof na yawancin motoci da alminiyam ake yin sa, alminiyam kuwa idan ya ji zafi yakan buɗe kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfen da ake zuba tsofaffin bulok da shi ke buɗewa. A zafin da aka tsara wa injin, masu ƙera shi sun yi lissafin wannan. Amma idan allura ta haye ja, direba kuma ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa gari na gaba, sai tof ya kumbura fiye da ƙima, ya murƙushe gasket, ya ja kusoshi, idan ya huce kuma bai koma daidai ba. Ya ɗan lanƙwashe ke nan, lanƙwasar da ba ta kai kaurin takarda ba, amma ta isa wuta ta sami hanya.

Mu a nan muna da abubuwan da ke gaggauta wannan. Zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu ta riga ta cushe haƙarƙarin lagireto, ga lodin da ya fi ƙarfin mota. Sai kuma ɗabi'u biyu da suka zama ruwan dare. Ta farko ita ce zuba ruwan rijiya ko na famfo tsura maimakon ruwan sanyaya inji da aka haɗa da sinadarin hana tsatsa. Ruwa tsura yana tafasa da wuri, yana barin ɓawon gishiri a cikin bututu, yana kuma cin alminiyam da gefen gasket a hankali. Ta biyu ita ce cire tamostat da zarar mota ta sauka daga Kwatano, wai ƙasarmu ba ta sanyi ba ce. Ina ganin wannan babban kuskure ne. A injuna da yawa tamostat ba buɗe hanyar lagireto kaɗai yake yi ba. Idan ya buɗe ta yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. Idan aka cire shi sai gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye a cikin inji bai je ya sha iska ba.

Ba kowace ƙuna ce iri ɗaya ba

"Gasket ya ƙone" magana ce guda da ta ƙunshi cututtuka daban-daban, kuma kafin a taɓa kwalba dole a san wadda ake fama da ita. Dalilin mai sauƙi ne: ruwan liƙin a lagireto ake zuba shi, saboda haka inda ruwan lagireto ke zuwa nan kaɗai zai je.

Idan gasket ya tsage tsakanin silinda biyu maƙwabta, inji zai rasa ƙarfi, ya riƙa karkarwa, amma babu ruwa a wurin, to kwalba ba ta da abin yi. Haka idan baƙin mai ne ke tsattsafowa waje ta gefen tof. Idan kuwa ruwa ne ke ɗiga waje ta mahaɗar, yana barin farin sawu ko kore a jikin bulok, wannan ita ce mafi sauƙi, domin matsin ruwan da kansa ne ke tura maganin cikin kafar, ba kuma abin da ke ture shi baya.

Wadda aka fi gani, aka kuma fi sayen kwalba dominta, ita ce tsagewa tsakanin silinda da hanyar ruwa. Alamunta sanannu ne. Ruwa yana raguwa kullum amma ba a ga inda ya zuba ba. Salansa tana fitar da farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa ko da inji ya yi zafi, mai ɗan ƙanshin zaƙi idan akwai sinadarin sanyaya inji a ruwan. Idan aka buɗe lagireto inji na sanyi aka tayar, sai a ga kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa. Tiyon sama yakan yi tauri da wuri. Da safe mota takan tashi da gargada na ɗan lokaci kafin ta daidaita, saboda ruwan da ya kwana a silinda, idan kuma aka ciro fulogai sai a ga guda ya fi sauran haske, tururi ya wanke shi tas.

A wannan yanayi kafar hanya biyu ce. Lokacin da wuta ta tashi, hayaƙi mai matsin ɗaruruwa ne ke kutsawa cikin ruwa. Lokacin da fistin ke sauka yana zuƙar iska, da kuma bayan an kashe inji ruwan yana nan da matsinsa, sai ruwa ya silala cikin silinda. Maganin liƙi a waɗannan 'yan lokuta na biyu kaɗai yake samun shiga, sannan abin da ya fara kamawa sai ya jure bugun wuta na gaba. Idan kafar ƙarama ce, yakan ci nasara. Idan ta yi faɗin da hayaƙi ke koro ruwa waje ta bakin lagireto cikin 'yan mintuna, duk abin da ya taru za a fyaɗe shi. Kamfanonin da kansu sun san iyakar kayansu. Masu K-Seal sun ce nasu yana toshe ramin da bai wuce milimita 0.635 ba. Masu Bar's Leaks kuwa sukan ba da gwaji mai sauƙi: idan mota za ta iya yin minti 15 zuwa 20 injinta na aiki a tsaye ba ta tafasa ba, ba a kuma ƙara mata ruwa ba, to akwai fata.

Ta ƙarshe, kuma mafi muni, ita ce haɗuwar ruwa da baƙin mai. Mai yakan koma launin shayi mai madara, ma'auninsa ya riƙa hawa maimakon sauka. Za mu dawo kanta.

Ya kamata a lura cewa duk waɗannan alamu suna da masu kama da su. Farin tururi da sanyin safiyar hunturu, wanda ke ɗaukewa bayan 'yan mintuna, raɓa ce da ta kwana a salansa. Ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin mai yakan taru a motar da ba ta yin doguwar tafiya. Na'urar sanyaya mai idan ta huje ita ma tana gauraya mai da ruwa, gasket na nan lafiya lau. Murfin lagireto da ya saki kan sa mota ta yi ta zubar da ruwa. Akwai gwaji mai araha da ke raba gardama: wani ruwa shuɗi da ake zubawa a ɗan bututu a ɗora a bakin lagireto, a zuƙo iskar da ke ciki ta ratsa shi. Idan akwai hayaƙin inji a ruwan, shuɗin sai ya koma ruwan ɗorawa, a motar dizal kuma ya fi karkata zuwa kore. Haɗe da awon matsin kowace silinda, wannan ya isa a san inda aka dosa. Abin baƙin ciki ne a ga an kwance inji, ko an ɗura masa magani, alhali murfi ne kawai ya mutu.

Me ke cikin kwalbar?

Dabarar toshe ɗigo daga ciki tsohuwa ce. Tsofaffin direbobi a ƙasashe da dama kan fasa ƙwai ko su barbaɗa garin masoro a lagireton da ya huje a daji, ruwa ya ja shi zuwa ramin ya maƙale. Kaso na farko na magungunan kwalba wannan dabarar ce aka inganta: ƙananan zare da gari da ke yawo cikin ruwa har su cushe a bakin kafa, su kama juna. Kamfanin Bar's Leaks, wanda aka kafa a Amurka a 1947, ya yi suna da irin wannan, kuma General Motors ya daɗe yana ba da wasu ƙwayoyi da ake jefawa a lagireto waɗanda a cikin haɗinsu akwai garin citta da ɓawon almon. Na zamani sun koma amfani da zaren tangaran da na kabon da ɓarɓashin jan ƙarfe. A farkon shekarun 2000 kamfanin Subaru ya umarci dillalansa a Amurka su riƙa zuba wani ruwan liƙi mai sauƙi a wasu motocinsa masu injin lita 2.5 da gasket ɗinsu ke tsattsafar da ruwa zuwa waje. Wannan ya nuna cewa masu ƙera mota ma ba su raina dabarar ba. Sai dai a duba inda suka yi amfani da ita: ƙaramin tsattsafi ne zuwa waje, ba wurin da wuta ke bugu ba.

Kaso na biyu shi ne wanda ya fi ƙarfi, ya kuma fi haɗari: sinadarin sodiyam siliket, wato ruwan gilashi. Ana samun sa ne ta narka yashi tare da soda, 'yar'uwar kanwar da muke jefawa a miya, cikin wutar da ta haura digiri 1,000, abin da ya fito kuma a narkar da shi a ruwa. Masanin kimiyya Bajamushe Johann Nepomuk von Fuchs ne ya yi fice wajen bincikensa a farkon ƙarni na 19. Kafin zuwan firji Turawa suna tsoma ƙwai a cikinsa don ya daɗe bai lalace ba, masu haɗa sabulu kuwa har gobe suna amfani da shi. Halinsa shi ne, muddin yana cikin ruwa, ruwa ne. Amma a duk inda ruwan ya ƙafe ya bar shi, wanda ke faruwa a zafin da ya ɗan haura digiri 100, sai ya daskare ya zama gilashi mai tauri da ba ya sake narkewa sai zafi ya wuce digiri 800. A bakin kafar da ke kallon silinda, ruwa na shiga yana zama tururi, gilashin na taruwa kaɗan-kaɗan har ya rufe ta. Yawancin kwalaben da aka rubuta wa sunan gasket suna haɗa wannan da zare, wasu kuma suna da nasu haɗin da ba su bayyanawa.

Don a san ƙarfin wannan sinadari, ya isa a tuna abin da aka yi da shi a Amurka a 2009. A shekarar gwamnatin Barack Obama ta fito da shirin da aka fi sani da Cash for Clunkers, inda ake ba mutum rangwame idan ya kawo tsohuwar motarsa mai shan mai ya sayi sabuwa. Kusan motoci 700,000 aka karɓa, doka kuma ta ce kada injinsu ya sake komawa kan titi. Hanyar da aka tsara ta kashe su ita ce a tsiyaye baƙin mai, a zuba wajen lita biyu na ruwan gilashi a madadinsa, a tayar da injin a ɗan taka totur. Cikin 'yan mintuna ruwan ya ƙafe, gilashi ya niƙe duk wani wurin da ƙarfe ke gogar ƙarfe, inji ya ƙame har abada.

To a koma kan motar da ruwanta ke gangarawa cikin mai. Wanda ya zuba mata ruwan gilashi a lagireto, ya buɗe wa sinadarin hanya ke nan zuwa wurin da aka tura shi a waɗancan motoci da gangan. Ko babu shi ma, ruwa a cikin mai yana cinye metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai cikin ɗan lokaci. Wasu kamfanoni suna cewa nasu yana maganin wannan nau'in ma. Ni dai ban ga hikimar yin caca da inji gaba ɗaya don gudun kuɗin gasket ba. Motar da manta ya yi fari a kashe ta, a jawo ta gareji.

Idan za a zuba

Kowane magani da ƙa'idarsa, kuma yawancin labaran "na zuba bai yi ba" ko "na zuba ya toshe min lagireto" daga tsallake ƙa'idar suke farawa. Tsofaffin nau'o'in ruwan gilashi ba sa jituwa da sinadarin sanyaya inji. Idan suka haɗu sai su yi kauri su dunƙule. Irin waɗannan sai an tsiyaye ruwan gaba ɗaya, an ɗauraye har ya fito garau, a zuba maganin da ruwa tsabtatacce, bayan an gama kuma a sake tsiyayewa, wasu ma a bar injin a buɗe ya sha iska na sa'o'i kafin a mayar da ruwan da ya dace. Wasu kan buƙaci a cire tamostat na lokacin aikin kawai, a mayar da shi daga baya. Na BlueDevil, alal misali, yana son a bar injin yana aiki a tsaye na minti 50. Sababbin nau'o'i da yawa ana girgiza su ne a juye kai tsaye. Abin da ke rubuce a jikin kwalbar shi ne hukunci, wanda bai iya karanta shi ba ya nemi a karanta masa, kuma a auna da girman injin. Kwalba biyu ba ta fi ɗaya aiki ba. Ta fi ta toshe abin da ba a so ne kawai.

Inji ya zama da sanyi kafin a taɓa murfin lagireto. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana iya kaiwa digiri 120 bai tafasa ba, da an sassauta murfi sai ya yi tsartuwa ya zama tururi a fuskar mutum. Idan lagireto cike yake da tsatsa da laka, a wanke shi tukuna, in ba haka ba maganin zai haɗu da dattin ya toshe siraran bututunsa. A kunna hita zuwa ƙarshe domin ruwa ya ratsa ko'ina, a kuma tabbatar an fitar da iskar da ta maƙale, domin duk inda aka sami kogon iska mai zafi, nan ma ruwan gilashi zai ɗauka kafa ce ya daskare. Idan an gano silindar da ke ɗigo, wasu kamfanoni suna ba da shawarar a cire fuloginta, a kuma katse mata fetur, injin ya yi aiki da sauran. Hikimar ita ce a ɗauke bugun wuta daga kan kafar domin maganin ya sami natsuwar kamawa. A duk tsawon lokacin ido na kan allurar zafi. Ta doshi ja, a kashe. Bayan an gama a canza baƙin mai idan akwai shakkar ruwa ya taɓa shi.

Ruwan da aka tsiyaye kuma kada a bar shi a kwano ko a malale a tsakar gida. Sinadarin etilin gilaikol da ke cikinsa yana da zaƙi, guba ne kuma mai lalata ƙoda. Yara da kaji da awaki ba su san bambanci ba.

Akwai abu guda da ya fi duk waɗannan muhimmanci, shi ne a nemo abin da ya sa motar ta yi zafi tun farko. Fanka ce ba ta tashi? Famfon ruwa ne ya cinye? Lagireto ne ya toshe, ko tiyo ne ke ɗiga? Idan ba a gyara wannan ba, ko da maganin ya kama, zafi na gaba zai sake motsa tof ya fasa liƙin. Yaɓe ne a kan bangon da harsashinsa ya motsa: zai rufe tsagar a yau, kuma yana iya daɗewa idan ƙasa ta zauna, amma ba shi ne zai hana ta sake motsi ba.

Ribar da asarar

Idan ya yi aiki, wani ya sami makonni, wani watanni, wani ma ya yi shekara yana hawa. Idan bai yi ba, mafi sauƙin asara ita ce kuɗin kwalba. Mafi nauyinta ita ce lagireto ya toshe, tamostat ya maƙale, ƙaramin lagireton hita da ke bayan dashbod ya cushe, zafi ya ƙaru a kan injin da dama zafi ne ciwonsa. Akwai kuma asarar da ba a gani nan take. Mutum ya ga hayaƙi ya ragu sai ya saki jiki, alhali ruwa na ci gaba da silalawa. Wata safiya silinda ta cika, aka murza makulli, fistin ya taso ya tarar da ruwa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka sandar fistin ce za ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci ta huda bulok. Aikin da ya tsaya a kan gasket ya koma neman wani inji a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka. An gudu ba a tsira ba.

Gyaran gaskiya kuwa ba canza fallen kaɗai ba ne, kuma a nan makanikai ma suna da nasu laifin da ke sa mutane gudu zuwa kwalba. Bayan an ɗaga tof sai a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfen awo a ga ko ya lanƙwashe. A injuna da yawa abin da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba. Idan ya wuce, a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su aske fuskarsa, a kuma gwada ko ya tsage, domin tsagaggen tof yana ba da alamu iri ɗaya da ƙonannen gasket. Kusoshin motoci da yawa na zamani an yi su ne su ɗan miƙe idan aka ɗaure, ba a kuma maimaita su. Ɗaurin ma da sifana mai awo ake yin sa, daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki yadda kamfani ya tsara, ba da ƙarfin damtse da dogon bututu ba. Wanda aka yi wa aiki ba tare da waɗannan ba, gasket ya sake ƙonewa bayan wata biyu, ba za a zarge shi ba idan ya yanke ƙauna.

A ganina kwalbar tana da gurbi a wurare uku. Tsohuwar motar da kuɗin gyaranta ya kusa kuɗinta, wadda in maganin bai yi ba dama ba za a gyara ta ba. Matafiyin da ɗigo kaɗan ya kama a inda babu gareji, yana neman abin da zai kai shi gida. Da mai ƙaramin tsattsafi da ke buƙatar 'yan makonni ya tara kuɗin aiki, ya kuma san cewa lokaci ya saya. Da babu gara ba daɗi. Amma mota mai sauran daraja, wadda ake son a yi shekaru da ita, ko wadda ke ɗaukar fasinja a doguwar hanya inda tsayawa cikin dare haɗari ne ga rayuka, a buɗe ta a gyara. Ranar da za a buɗe ɗin kuma a gaya wa bakanike cewa an taɓa zuba magani, domin ya wanke hanyoyin ruwa, ya duba lagireto da hita, ya canza tamostat.

Akwai wuri na huɗu da ake amfani da ita wanda ba shi da uzuri, shi ne a zuba wa mota a kai ta kasuwa a yi shiru. Wannan algus ne, kuma wanda ke faɗawa ciki galibi mai ƙaramin ƙarfi ne da ya daɗe yana tari. Mai saye yana da 'yan hanyoyin kare kansa. Ya nemi a bar masa motar ta kwana, shi ya tayar da ita da safe inji na sanyi, ya saurari tashinta, ya dubi salansa. Ya buɗe lagireto ya haska: ɓarɓashin jan ƙarfe mai ƙyalli a ruwan, ko wani dusa-dusa da ya manne a ƙarƙashin murfi da bakin tankin roba, alama ce an zuba wani abu. Sabon ruwa kore shar a cikin tankin da ya yi jawur da tsatsa shi ma abin tambaya ne. Sannan ya hau ta a hanya mai nisa da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, a dawo a bar inji ya huce kafin a buɗe murfin lagireto, sannan a tayar da shi ya ɗumama a yi gwajin ruwan shuɗin nan.